Kasuwar tsoro: Abin da ya sa Amurkawa ke jibge gidajen harsashi duk sanda aka ce doka na tafe

A ranar 14 ga Disamba 2012 wani matashi ya kutsa makarantar firamare ta Sandy Hook da ke garin Newtown a jihar Connecticut, ya kashe yara 20 da ma'aikatan makarantar 6. Yaran duk 'yan shekara shida ne da bakwai. Ya harba harsashi sama da 150 cikin ƙasa da minti biyar, abin da ya ba shi wannan dama kuwa shi ne gidajen harsashi masu cin talatin-talatin da ya zo da su. Ƙasar ta girgiza, shugaba Barack Obama ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, 'yan majalisa suka fara maganar sabuwar doka.

Tun ba a gama jana'izar yaran ba kuma shagunan sayar da bindigogi suka cika maƙil. Kamfanin Brownells da ke jihar Iowa, ɗaya daga cikin manyan dillalan kayan bindiga a ƙasar, ya sanar cewa cikin sa'a 72 ya sayar da gidajen harsashin da a da yakan ɗauki shekara uku da rabi yana sayarwa. Wanda ake saye dala 12 ko 15 a makon da ya gabata ya koma dala 50 zuwa sama, shi ma sai an yi sa'a a samu. Hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, ta yi binciken masu sayen bindiga kusan miliyan 2.8 a wannan wata kaɗai, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba kafin nan.

Wanda ke kallo daga nesa zai ce ko dai mutanen nan ba su da imani ne. Wasunsu ƙila haka ne. Amma galibinsu lissafi suka yi, lissafin kuma doka ce da kanta ta koya musu shi shekara 18 kafin wannan rana. Wanda bai san wannan tarihi ba ba zai gane dalilin da ya sa duk wani yunƙurin taƙaita makamai a Amurka ke farawa da cika ɗakunan ajiyar mutane da abin da ake son ragewa ba.

Magazin, wato gidan harsashin da ake cusa wa bindiga daga ƙasa, ba wani abu ne mai wuyar ƙira ba. Ka ɗauki na kamfanin Magpul da ake kira PMAG, wanda ya fi kowanne farin jini wurin masu bindigar AR-15, doguwar bindiga mai kama da ta soja. Kwanso ne na roba mai tauri, ɗan lanƙwasasshe, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. A ciki akwai sifirin na ƙarfe, a kan sifirin akwai ɗan faifan da ke turo harsashi sama ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa kuma murfi. Shi ke nan. Ba inji, ba batir, ba abin da ke ruɓewa. Ka jefa shi a kwali ka ajiye a ƙarƙashin gado, bayan shekara ashirin ka ɗauko zai yi aiki. Mutum ɗaya na iya ajiye ɗari a akwati guda.

Abu mafi muhimmanci kuma shi ne a dokar tarayyar Amurka magazin ba bindiga ba ne. Wanda zai sayi bindiga a shago mai lasisi sai ya cika takarda, a tura sunansa ga FBI a duba ko yana da laifin da zai hana shi, bindigar kuma tana da lamba a jikinta. Magazin ba shi da lamba, ba a binciken mai saye, ba a rubuta sunan kowa. A yawancin jihohi mutum na iya yin odarsa ta intanet a kawo masa har ƙofar gida, ya kuma sayar wa wanda ya ga dama. Kaya ne mai araha, mai ƙarko, marar nauyi, wanda ba a iya bin sawunsa. Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ya san irin wannan kaya ne ake ɓoyewa idan aka ji ƙishin-ƙishin za a hana shi.

To me ya sa 'yan majalisa suka sa masa ido haka? Saboda ɗan tsaikon da ake samu idan harsashi ya ƙare. A Tucson ta jihar Arizona, ranar 8 ga Janairu 2011, wani ya buɗe wuta a taron 'yar majalisa Gabrielle Giffords da ƙaramar bindiga samfurin Glock mai gidan harsashi 33. Ya kashe mutum 6, cikinsu har da yarinya 'yar shekara tara, ya harbi Giffords a ka. Sai da harsashinsa ya ƙare yana ƙoƙarin sa wani gidan ne mutanen wurin suka danne shi, wata dattijuwa ta fizge magazin ɗin daga hannunsa. Masu neman doka suna cewa da goma ne kawai a ciki, da an danne shi tun bayan harbi na goma. A Dayton ta jihar Ohio a 2019, maharin ya zo da gidan harsashi mai siffar ganga mai cin 100, ya kashe mutum 9 cikin kimanin daƙiƙa 30, duk da cewa 'yan sanda na nan kusa kuma sun harbe shi nan take. A Las Vegas a 2017 mutum ɗaya ya harba harsashi fiye da 1,000 cikin minti goma.

Masu adawa ma suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce wanda ya saba yana sauya magazin cikin daƙiƙa biyu ko uku, su kawo misalin jami'ar Virginia Tech a 2007, inda aka kashe mutum 32 da ƙananan bindigogi biyu masu gidajen harsashi 10 da 15. Sukan ƙara da cewa bindigogin da aka fi saye a ƙasar da gidan harsashi 15 ko 17 ko 30 suke fitowa daga masana'anta, don haka abin da gwamnati ke kira mai wuce kima su a wurinsu shi ne na yau da kullum. Ni dai ina ganin daƙiƙa uku ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke neman ƙofar fita, amma wannan muhawara daban ce. Abin da ke gabanmu shi ne abin da ke faruwa a kasuwa tsakanin ranar da aka ambaci doka da ranar da ta fara aiki.

Darasin 1994

A ranar 13 ga Satumba 1994 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata babbar dokar yaƙi da laifuka. A cikinta an haramta ƙera wasu nau'o'in bindigogi masu kama da na soja domin farar hula, an kuma haramta ƙera gidajen harsashi masu cin fiye da goma. Sai dai don a samu ƙuri'un da ake buƙata a majalisa, an yi sassauci biyu. Na farko, dokar za ta mutu da kanta bayan shekara goma idan ba a sabunta ta ba. Na biyu, wanda shi ne tushen duk abin da muke gani yau, duk magazin da aka ƙera kafin ranar sa hannu yana nan halal: a riƙe shi, a yi amfani da shi, a sayar da shi.

An shafe watanni ana jan dokar a majalisa, kowa ya san abin da ke tafe. Masana'antu suka duƙufa dare da rana suna ƙera gidajen harsashi suna jibgewa, tun da duk wanda ya fito daga inji kafin ranar ya tsira. Binciken da masani Christopher Koper ya yi wa ma'aikatar shari'ar ƙasar a 2004 ya ambato ƙiyasin 'yan masana'antar cewa a 1995 akwai irin waɗannan gidajen harsashi kusan miliyan 25 a ƙasar. Ba a nan abin ya tsaya ba. Tun da dokar ta dubi ranar ƙira ce, dillalai suka shiga ƙasashen waje suna kwaso tsofaffin magazin, aka shigo da ƙarin miliyan 4.7 tsakanin 1995 da 2000, ana tsakiyar haramcin. Wasu kamfanoni kuma suka riƙa ba rundunonin 'yan sanda sababbin bindigogi suna karɓar tsofaffin tare da gidajen harsashinsu, sannan su sayar wa farar hula, tun da tsofaffin ba su shiga haramci ba.

Sababbin da ake ƙerawa domin jami'an tsaro ana buga musu tambari a jiki cewa na hukuma ne kawai. Sai kasuwa ta rabu biyu: mai tambari laifi ne farar hula ya riƙe, marar tambari kuma farashinsa ya yi ta hawa. Abu iri ɗaya, aiki iri ɗaya, bambancin kawai ranar da ya fito daga inji. Wanda ya sayi kwali guda a lokacin bazarar 1994 ya ci riba shekara da shekaru. Wanda ya yi nawa ya biya ninki.

Dokar ta mutu a Satumban 2004 ba tare da majalisa ta sabunta ta ba. Amma darasin bai mutu ba. Duk mai bindiga da ya kai shekarun hankali a wancan zamani ya haddace shi, ya kuma koya wa 'ya'yansa: idan ka ji ana maganar doka, ka saya yau, domin gwamnati ba ta karɓe abin da ke hannunka, ƙofar shigowa kawai take rufewa. Shi ya sa aka ga rububi bayan zaɓen Obama a 2008, aka sake gani bayan Tucson, aka ga mafi girma bayan Sandy Hook.

Sassaucin nan ba sakaci ba ne tsagwaronsa. Kundin tsarin mulkin Amurka, a gyara na biyu, ya ba mutane 'yancin mallakar makami, kuma a 2008 kotun ƙoli ta tabbatar a shari'ar Heller cewa wannan 'yanci na ɗaiɗaikun mutane ne. Gyara na biyar kuma ya hana gwamnati karɓe dukiyar mutum ba tare da diyya ba. Ga kuma tambayar da babu ɗan siyasar da ke son amsawa: wa zai bi gida-gida ya karɓo abin da ba a san adadinsa ba, ba a san wanda ke riƙe da shi ba, daga hannun mutanen da ke da bindiga? Don haka mai rubuta doka yakan zaɓi hanya mai sauƙi, ya ce daga rana kaza ba a sayarwa. Da faɗin ranar kuwa ya buɗe kasuwa.

Abin da ya faru a 2013 ya fi komai ɓata mini rai a wannan tarihi. A watan Janairu Obama ya gabatar da shawarwarinsa, cikinsu har da mayar da iyakar harsashi goma. Wata huɗu ana rububi, shaguna na ƙayyade wa kowa adadin da zai saya, mutane na layi tun asuba a wuraren baje kolin bindigogi. Ranar 17 ga Afrilu majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a. Ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye na sanatoci Joe Manchin da Pat Toomey ya samu ƙuri'a 54, alhali 60 ake buƙata. Na haramta bindigogi masu kama da na soja ya samu 40. Na gidajen harsashi ya samu 46. Babu wanda ya wuce. Iyayen yaran Newtown suna zaune a saman zauren suna kallo. An yi barazanar doka, an zuba ɗimbin gidajen harsashi a hannun jama'a saboda barazanar, sannan ba a yi dokar ba. Ƙasar ta fita daga wannan shekara da kayan kisa fiye da yadda ta shige ta.

Su wa ke saye a irin wannan lokaci? Mafi yawa mutane ne na gari da ba su taɓa harbin kowa ba: mafarauci, ɗan wasan harbi, magidancin da ya ajiye bindiga saboda ɓarayi. Yana da magazin uku, ya ji za a hana, sai ya ce bari ya sayi ashirin su ishe shi har ƙarshen rayuwarsa, tun da abu ne da kan lalace idan ana yawan amfani da shi. Tsoronsa kuwa yana da tushe, ya ga an yi a 1994. A bayansa sai ɗan kasuwa, wanda ƙila ma ba shi da bindigar da magazin ɗin zai shiga. Ya kwashe abin da ke shago a farashin jiya, ya jira kwana uku, ya fito da shi a intanet ko a teburin baje koli a ninki huɗu. Duk wanda ya ga yadda gidajen mai ke rufewa a Kano ko Kaduna da zarar an ce za a ƙara kuɗin fetur, 'yan bumburutu su cika bakin titi da jarkoki, ya san wannan hali. Ƙarancin da ake gudu rububin ne ke haifar da shi, ganin kantar da ba kaya kuma shi ke ƙara ingiza wanda da bai yi niyyar saye ba.

Su kansu masu bindiga sun rabu a kan 'yan kasuwar nan. Wasu na tsine musu, suna cewa cin amanar 'yan'uwa ne a lokacin wuya, har aka ƙaurace wa wasu dillalai na tsawon shekaru saboda tsawwala farashi a wancan hunturu. Wasu na cewa kasuwa ce, wanda ya yi tanadi da wuri ya ci ribar hangen nesansa. Ƙarshen labarin dai bai yi wa da yawansu daɗi ba. Da ƙudurin ya faɗi, masana'antu kuma suka cike giɓin, farashi ya rufto ya koma inda yake. Wanda ya sayi ɗari a kan dala 40 kowanne yana jiran ya sayar a 80 ya wayi gari da kwalin da bai kai rabin kuɗinsa ba.

Jihohi sun karɓi fagen

Da tarayya ta kasa, jihohi suka shiga yin nasu. New York ta riga kowa a Janairun 2013 a ƙarƙashin gwamna Andrew Cuomo, har ta ce kada a loda fiye da harsashi bakwai, sashen da kotu ta soke daga baya. Connecticut ta hana sayarwa ta kuma ce duk mai tsohon magazin ya bayyana shi ga hukuma kafin 1 ga Janairu 2014. Amma labarin Kolorado ne ya fi nuna yadda abin ke gudana.

Jihar ta sha nata baƙin cikin a Yulin 2012, lokacin da aka kashe mutum 12 a gidan sinima a Aurora. A Maris 2013 gwamna John Hickenlooper ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade harsashi 15, za ta fara aiki 1 ga Yuli. Wato an bar tazarar fiye da wata uku. Kamfanin Magpul kuwa a jihar yake, a garin Erie. Sai ya fito fili ya ce zai fifita 'yan Kolorado a kan sauran masu oda don su cika gidajensu kafin wa'adi, ya kuma ba shirin sunan da ke kwaikwayon jigilar abincin da jiragen Amurka da ƙawayenta suka yi wa birnin Berlin a 1948. Kwana biyu kafin dokar ta fara aiki aka yi gangami a Glendale ana raba magazin kyauta ana sayar da wasu. Daga bisani kamfanin ya kwashe masana'antarsa zuwa Cheyenne a jihar Wyoming, ofishinsa kuma zuwa Teksas. A Satumban wannan shekara masu zaɓe suka yi wa sanatocin jiha biyu da suka mara wa dokar baya kiranye, John Morse da Angela Giron.

Dokar na nan har yau, amma ta yaya za a aiwatar da ita? Idan ɗan sanda ya ga mutum da magazin mai cin 30, mutumin ya ce tun kafin Yulin 2013 yake da shi, nauyin ƙaryata shi yana kan mai gabatar da ƙara, ga shi babu rajistar da za a duba. Yawancin shugabannin 'yan sandan gundumomin jihar ma sun kai dokar kotu, wasu suka ce ba za su ɓata lokacinsu a kanta ba. Daga Denver zuwa iyakar Wyoming tafiyar ƙasa da sa'a biyu ce a mota, can kuma ana sayarwa a fili. Wasu shaguna a cikin jihar sun riƙa sayar da magazin a wargaje da sunan kayan gyara, mai saye ya je gida ya harhaɗa cikin minti ɗaya.

A Vermont a 2018, ana jiran gwamna Phil Scott ya sa hannu, masu adawa suka raba gidajen harsashi 1,200 kyauta a gaban majalisar jihar. A nan saye ya tashi daga tanadi ya koma zanga-zanga.

Kalifoniya ta gwada rufe ƙofar gaba ɗaya. Tun 2000 ta hana sayarwa, a 2016 kuma masu zaɓe suka amince da a hana mallaka ma, har da tsofaffin. Aka tafi kotu. Ranar 29 ga Maris 2019 alƙalin tarayya Roger Benitez ya ce dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Kafin ya dakatar da hukuncin nasa ranar 5 ga Afrilu don a ɗaukaka ƙara, an samu mako guda da saye ya halatta. Masu bindiga suna kiransa makon 'yanci. Dillalai daga ko'ina a ƙasar suka karkato da kayansu zuwa Kalifoniya, wasu suka dakatar da odar sauran jihohi, rumbuna suka ƙare ƙarƙaf. Abin da jihar ta shafe shekara 19 tana tsanewa a hankali ya sake cika cikin kwana bakwai. A jihar Washington, wadda ta hana sayarwa tun Yulin 2022, irin wannan ƙofa ta buɗe a Afrilun 2024 na ƙasa da sa'a biyu, kuma a ɗan wannan lokaci mutane sun yi layi a shagon da ya kai ƙarar suna kwasa.

Sake sayarwa kuma yana da nasa tarko. A mafi yawan jihohin da suka yi doka bayan 2013, an yarda ka riƙe tsohon naka amma ba a yarda ka sayar ko ka ba wani a cikin jihar ba, don haka wanda ya jibge da niyyar cin riba bayan wa'adi ko dai ya kai wata jiha inda ba shi da wata daraja ta musamman, ko ya sayar a ɓoye ya zama mai laifi. Massachusetts ce ta daɗe da salon 1994: ta riƙe haramcin a dokarta bayan na tarayya ya mutu, ta bar cinikin waɗanda aka ƙera kafin Satumban 1994. Sai aka shafe kusan shekara ashirin tsohon magazin mai tsatsa ya fi sabo tsada a can nesa ba kusa ba, masu saye na nazarin ƙananan alamomin jikinsa don tantance shekarar ƙira, har sai da jihar ta tsaurara dokar a 2024.

Wanda bai taɓa asara a wannan juyi ba shi ne mai masana'anta, muddin tsoron na nan. An ga haka ƙarara a 2016. Kamfanoni da dillalai sun cika rumbuna suna jiran Hillary Clinton ta ci zaɓe a yi rububi. Donald Trump ya ci, tsoron doka ya kau, ciniki ya faɗi, a 2018 kuma kamfanin Remington mai shekara sama da 200 ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Masana'anta ce da cinikinta ke bunƙasa idan abokan hamayyarta na mulki, ya kuma ja baya idan masoyanta suka hau. Ba sai an yi wani dogon bincike ba kafin a gane dalilin da ya sa tallace-tallacen dillalai ke cike da kiran a saya tun kafin a hana.

Shin dokokin nan suna aiki kuwa? Koper ya ce saboda yawan abin da aka yi wa sassauci, duk wani tasirin dokar 1994 sai a hankali zai bayyana, dokar kuma ta mutu kafin a gama ganinsa. Bayanan 'yan sandan jihar Virginia da jaridar Washington Post ta bincika sun nuna cewa kason bindigogin da ake kamawa da manyan gidajen harsashi bai fara raguwa ba sai da aka yi shekaru da dokar, ya kai ƙasa a 2004, sannan ya ninka cikin 'yan shekaru bayan ta mutu. Wato tulin yana ƙarewa, amma yana buƙatar lokaci mai tsawo, kuma girman tulin farko shi ke yanke tsawon lokacin. A 1995 ana maganar miliyan 25. Ƙungiyar masana'antun bindiga ta NSSF ta ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2021 an zuba gidajen harsashi masu cin fiye da goma sama da miliyan 700 a kasuwar ƙasar, fiye da biyu ga kowane ɗan ƙasa har da jarirai. Wannan adadi kuma shi ne hujjar da lauyoyin masu bindiga ke kai wa kotu, domin hukuncin Heller ya kare makaman da jama'a suka saba amfani da su. Kowane rububi yana ƙara yawan abin, yawan kuma yana ƙara ƙarfin hujjar cewa ba a isa a hana shi ba.

Ya kamata a faɗi wani abu domin adalci. Cikin mutum kusan 49,000 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe, harsashi ɗaya ya ishe su. Yawancin kisan kai kuma da ƙananan bindigogi ake yi. Dokar magazin ba za ta taɓa waɗannan ba. Abin da take nufa shi ne rage yawan gawarwaki a ranar da wani ya shiga makaranta ko coci ko kanti, kuma wannan kaɗai ya isa dalili.

Akwai ƙasar da ta gane matsalar tazara ta kuma kauce mata. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 wani ɗan ta'adda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand. Lasisinsa na talakawan masu bindiga ne, manyan gidajen harsashin kuma ya saye su ne daban, domin a lokacin ba a buƙatar lasisi kafin a saya. Bayan kwana shida firaminista Jacinda Ardern ta sanar da haramci, a ranar kuma aka fitar da umarnin da ya toshe sayen bindigogin nan take, ta ce don kada a yi rububi kafin majalisa ta zauna. A Afrilu majalisa ta amince da ƙuri'a 119 da 1, ba a yi wa tsofaffi sassauci ba, gwamnati ta biya mutane ta karɓe. Kanada kuwa da ta sanar a Mayun 2022 cewa za ta dakatar da cinikin ƙananan bindigogi, ba ta aiwatar ba sai Oktoba, shagunanta suka ƙare kamar na maƙwabciyarta.

Amurka ba za ta iya kwafar New Zealand kai tsaye ba. Shugaban ƙasa ba shi da ikon rufe kasuwa da umarni ɗaya, dole ƙuduri ya bi majalisa biyu a fili, ga jihohi 50 kowacce da dokarta babu shinge a tsakaninsu. Amma wasu abubuwan suna hannun masu rubuta doka: su rage tazarar da ke tsakanin sa hannu da fara aiki, kamar yadda Illinois ta yi a Janairun 2023 inda dokar ta fara aiki a daren da aka sa mata hannu, su tilasta buga ranar ƙira a jikin kowane magazin, su ware kuɗin sayen tsofaffi daga hannun jama'a. Sama da duka, kada shugaba ya fito ya yi alkawarin dokar da bai ƙirga ƙuri'unta ba, domin a wannan kasuwa maganarsa kaɗai talla ce.

Yanzu idanu na kan kotuna. A 2022 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Bruen cewa dole duk dokar bindiga ta dace da al'adar dokokin ƙasar tun asali, abin da ya buɗe ƙofar ƙara a kan kusan kowace jiha mai iyaka. A Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dokar Kalifoniya, a Mayu kotun ƙolin jihar Washington ta tabbatar da tata. A Yuni kotun ƙolin ƙasa ta ƙi sauraren ƙarar da aka shigar kan dokar magazin ta Rhode Island, ta kuma ƙi ta Maryland kan bindigar AR-15, amma alƙalai uku sun ce da sun saurara, na huɗu kuma, Brett Kavanaugh, ya rubuta cewa ya kamata kotun ta ɗauki batun AR-15 nan da shekara ɗaya ko biyu. Ƙuri'a huɗu ake buƙata kafin kotun ta karɓi ƙara.